Kwalbar Yajin Inna

Shafi na 31

Masu bi na da saƙo har cikin kicin, na ji ku. Ke kuma baiwar Allah da kika rantse kin daina karantawa sai na mayar da Hassoumi gaban mahaifiyarsa, to gyara zama, yau zai je. Kar dai ki ce ban ja miki kunne ba.

*

Ƙarfe shida da kwata na safiyar Talata aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Hassoumi bai tambayi ko wane ne ba. Duk faɗin Bobigny, unguwarsa ta gefen Paris, mutum ɗaya ne ke zuwa ɗakin nan, shi ma ba zumunci ke kawo shi ba.

"Bonjour. Contrôle antidopage."

Baturen nan ne mai awon fitsarin 'yan wasa, da jakarsa a kafaɗa. Ya bi Hassoumi har banɗaki, ya tsaya ya zuba masa ido har ya gama. Aka raba fitsarin kwalba biyu, A da B, aka murɗe marafen har suka yi ƙas.

"Cikin kwana bakwai ɗin nan ka sha wani magani? Ko wani abin ƙarin kuzari?"

"Rien, ba komai. Ko na ciwon kai."

Ya sa hannu. Mutumin ya fara tattara takardunsa.

"Za ka sha kafe?" in ji Hassoumi. "Yanzu na ɗora ruwa."

"Aikina bai yarda ba. Bonne journée."

Ƙofa ta rufe. Kai jama'a, kaɗaici bai yi ba! A ce mutum ya kai inda zai roƙi mai kallon fitsarinsa ya zauna su ɗan taɓa hira.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Wata goma sha ɗaya da Hassoumi ya zo na biyu a wani babban tseren keke na kan duwatsu, har aka hasko fuskarsa a tele, sai ga takarda bayan sati uku wai an samu maganin ƙara tsoka a jikinsa. Shi da ko shinkafarsa sai ya ɗora a sikeli kafin ya ci! Aka dakatar da shi har ranar da za a yi zaman shari'a. Ekip ɗinsu, wato ƙungiyar da yake yi wa tsere, ta soke kwantiragi. A ranar ma ya ga an cire shi daga gurup ɗin waya, ba ko sai an jima.

Doka ta hana shi ko motsa jiki tare da su. Amma ba ta hana a zo a auna shi ba.

Yanzu saƙonni yake rabawa gida-gida da keken ɗaukar kaya. Da yamma ya hau nasa na tsere ya bi bakin ruwan kanal shi kaɗai. In mahaya suka zo wucewa cikin ayari, wasu kan gane shi, sai su sunkuyar da kai su ƙara wuta.

Abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya masa rai cikin kwanakin nan. Ranar Alhamis ekip ta tuna ta aiko masa da jakarsa da ta yi watanni a sito. Takalma, hular kwano, safar hannu. A aljihun gefe kuma ya ci karo da kwalbar yajin da Inna ta daka masa kafin wancan tseren, saura rabi, bakinta a ɗaure da leda yadda ta saba. Jiya da magariba ya dafa farar shinkafa, ya zuba mai, ya barbaɗa cokali biyu. Yana ci yana share ido, yana gaya wa kansa barkono ne.

Ƙarfe tara lauyarsa ta kira, Maître Inès.

"An zo contrôle?"

"An zo."

"Madalla. Duk awon da ya fito da tsabta yana taimakonmu. Ka dai ci gaba da kiyayewa, don in aka sake samun wani abu kana cikin dakatarwa, ni ma ba ni da bakin magana."

"Na sani, Maître."

"Sakamakon gwajin kayanka ya zo daga labo. Abu ashirin da shida ka ba ni, Hassoumi. Bitamin, garin furotin, man tausa, har man goge baki. Duk babu komai."

Ya zauna a bakin gado.

"To zaman shari'ar ranar Juma'a fa?"

"Ranar Juma'a, in ba mu nuna musu ta inda abin ya shiga jikinka ba, shekara huɗu ce. In mun nuna ya shiga ba da saninka ba, ana iya ragewa sosai. Watakila ma ka hau keke a bazara."

Shekararsa ashirin da bakwai. Ya ƙara huɗu a kai, ya ga ba ekip ɗin da za ta waiwayi mutum ɗan talatin da ɗaya mai tabo a suna.

"Ka ƙara tunani," ta ce. "Akwai abin da ka ci wanda sauran 'yan ekip ba su ci ba?"

Ya dubi ɗakin. Gado, keke a rataye a bango, tukunya, kwalbar yaji a bakin taga. Idonsa ya wuce ta kanta kamar yadda mutum ke wuce tafin hannunsa.

"Babu, Maître. Na ba ki komai."

Bai ajiye wayar ba wani kiran ya shigo. Mardiya ce, ƙanwarsa, wadda ke aiki a farmasi a Lyon.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya Inna?"

"Ka zo gida yau."

"Mardiya, ina da aiki."

"Ka bar aikin. Ka hau jirgi ka zo, s'il te plaît."

"Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Ba maganar waya ba ce."

Rabonsa da gidansu na Rillieux, a gefen Lyon, tun satin da takarda ta zo. Ba korarsa aka yi ba. Abin da ya kore shi, tun daga ranar Inna ta daina kallon idonsa. In ya shigo falo ta tashi ta shiga kicin. In ya kira waya, gaisuwa uku ta miƙa wa Mardiya. Zagin jaridu bai karya shi ba, amma wannan ya karya shi. Ya gane uwar da ta haife shi ma ta yarda maguɗi ya yi, kunyarsa take ji. Shi ya sa ya tattara ya koma Paris, inda babu wanda ya san shi balle ya kawar da kai.

"Ita ta ce in zo?"

"Ni na ce."

Awa biyu ya yi a jirgin ƙasa na TGV kansa jingine da gilashi. Daga tashar Part-Dieu ta Lyon ya hau bas. Motar na hawa tudun Rillieux ƙafafunsa na motsi da kansu, don a kan tudun nan ya koyi hawa tun yana ɗan lakwal da jakar makaranta a baya.

Ana gama la'asar ya shiga gidan, hawa na takwas. Innarsa, Hajiya Zouera, na zaune kan darduma da carbi a hannu. Ta rame. Wallahi ta fi shi ramewa.

Ya durƙusa.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya lau. An zo lahiya?"

"Lafiya lau. Ya jiki? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ya mutanen Paris?"

Wane mutanen Paris? Ya ce suna lafiya. Duk gaisuwar nan idonta na kan carbi.

"Mi ya kawo ka tsakiyar sati?"

"Ni na kira shi," in ji Mardiya. Ta rufe ƙofar falo ta jingina da ita, ko rigar aiki ba ta cire ba.

"Bari in ɗora mishi abinci." Inna ta yunƙura.

"Inna, zauna. Don girman Allah, yau kam zauna."

Hassoumi ya dubi ƙanwarsa. Bai taɓa jin ta yi wa Inna magana da wannan murya ba.

"Ke, lafiyarki?"

"Yaya, ranar Lahadi mun je suna gidan Hajiya Balkisa. Falo cike da mata. Sai Hajiya Balkisa ta juyo ta ce, 'Zouera, garin nan da ƙanenki Mu'awiya ya aiko miki bara na Hassoumi, ya yi aiki kuwa? Ina so in ba ɗiyata, ta ƙi yin kumari.'"

Carbi ya tsaya a hannun Inna.

"Kofin da ke hannun Inna ya faɗi," in ji Mardiya. "Ni na tsince fasassun. Kwana biyu ina tambayarta, ta ƙi ce mini komai."

"Wane gari?" Hassoumi ya tambaya.

Mardiya ta dubi Inna, Inna ta dubi carbi.

"Inna, wane gari ne nawa wanda ni ban sani ba?"

"Maganin ƙiba, Yaya. Irin wanda Kawu Mu'awiya ke sayarwa a bayan kantinsa na Barbès a Paris, cikin leda, ba suna ba takarda. Ana cewa saiwa ce. Ni a farmasi nake, na san abin da ake cusawa a irinsu don su yi saurin aiki."

Hassoumi ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"C'est pas possible. Ban taɓa shan komai daga hannun Kawu ba. Inna, gaya mata. Ko rubutu kika ba ni ba na sha sai na..."

Ya tsaya.

Inna ta ɗago. Karo na farko cikin wata goma sha ɗaya ta kalli idonsa, shi kuwa ya gwammace da ba ta kalla ba.

"Shi ya sa," ta ce a hankali. "Na ba ka rubutu, ka ƙi. Na jiƙa maka saiwa, ka ce sai ka tambayi lokotoron ekip. Zuma ma sai da ka karanta bayan kwalba. Abu guda ne ba ka tambayar kowa a kansa."

"Inna..."

"A yaji na zuba."

Wani yaro na buga ƙwallo a ƙasan bene, ana jin ƙararta har sama. Hassoumi na nan durƙushe, ya ma manta bai tashi daga gaisuwa ba.

"Me ya sa?"

"Ka ga kanka a tele kuwa? Ka zuge rigar nan kana hawan dutse, haƙarƙarinka a waje ana ƙirgawa. Hannu kamar muciya. Mata sun taru nan falon suna kallo, wata ta ce, 'Zouera, yaron nan lahiya yake kuwa?' Wata ta matso ta raɗa mini in kai ka a auna jininka, wai irin ramar nan akwai ciwon da ke kawo ta. Ciwon da ba a hwaɗin sunansa, Hassoumi! A gabana!"

"Inna, ramar ita ce aikin! A kan dutse kowane kilo kaya ne. Sau nawa na gaya miki?"

"Ka gaya mini. Amma ni uwa ce. Ina raye, ina da hannu, a ce ɗana ya koma haka? Na kira Mu'awiya ina kuka. Ya ce akwai wani gari, na itace ne zalla, amare ma na sha. Na ce to ai ba ƙwaya ba ce, ba allura ba ce. Su Turawan ƙwaya suke nema."

"Cokali nawa?" Mardiya ta tambaya.

"Leda guda na juye a turmi."

Mardiya ta dafe kai.

Hassoumi ya zame ya zauna a ƙasa. Abin mamaki, ba fushi ya fara ji ba. Wani sauƙi ya ji, don ya kusa fara zargin kansa ko ya haukace ne, ko ya sha wani abu ya manta. Sai daga baya tambayar ta taso masa, ita ce kuma ta yi zafi.

"Yaushe kika gane shi ne?"

Ta mayar da ido kan carbi.

"Inna, yaushe?"

"Ranar da takarda ta zo."

"Ranar da... Ina tsaye a nan! A nan wurin nake tsaye ina rantse miki da Allah ban sha komai ba!"

"Na sani."

"Kin sani!"

"Kana hita na kira Mu'awiya. Ya ce in na buɗe baki 'yan sanda za su ruhe mishi kanti su ɗaure shi, ni ma su haɗa da ni. Ya ce ɗiyansa biyar. Ya ce Turawa wata biyu suke yi su manta da magana, za a maida ka kan kekenka. Bai bar ni ba sai da na rantse mishi."

"Kika zaɓi Kawu."

"Ban zaɓi kowa ba. Tsoro na ji. Kullum in ce gobe zan hwaɗa, goben ta zo in kasa."

Muryarsa ta sauka ƙasa-ƙasa.

"Kin san me na ɗauka? Na ɗauka kunyata kike ji. Na ɗauka kin yarda da su. Wata goma sha ɗaya, Inna, ina cin abinci ina kallon bango. Ranar Sallah na sa sabuwar riga na zauna bakin gado har rana ta faɗi. Na ce ko duniya duka ta ce ni maguɗi na yi, da Inna ta ce ta yarda da ni, da ya ishe ni."

Hajiya Zouera ta sa mayafi ta rufe fuska. Kukan da ta yi ba mai ƙara ba ne, kafaɗunta ne kawai ke rawa.

"Ba kunyarka ba ce, ɗana. Tawa ce. In na dube ka sai in ga abin da hannuna ya yi."

Ni dai ban san wanda zan fi tausaya wa ba a falon nan, ku ku zaɓa.

Mardiya ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta share fuska da hannun riga.

"Kuka ba zai hana Juma'a zuwa ba. Inna, za ki faɗi wannan a gaban alƙalan?"

"Rantsuwar hwa?"

"Ki yi kaffara. Kawu ya ji da kansa."

Inna ta ajiye carbin a kan darduma.

"Zan hwaɗa. Ko ɗaure ni za su yi, ku kai ni."

Hassoumi ya zaro waya, ya kira Maître Inès, ya buɗe murya kowa ya ji. Cikin Faransanci ya zayyana mata komai, Mardiya na cike masa inda ya sarƙe.

Lauyar ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi murnar da suka zata ba.

"Na yarda da ku. Amma ku ji ni da kyau. Maganar uwa kaɗai ba za ta wadatar ba, don za su ce kowace uwa na iya ɗaukar laifin ɗanta. Abin da kansa nake so. Garin, ko yajin da aka zuba shi, ko da cokali guda ne, in kai labo gobe da safe. Akwai saura?"

Mardiya ta juya ta fassara wa Inna.

Inna ta girgiza kai.

"A ranar na juye duka a masai. Na wanke kwalaben da ruwan zahi. Turmin ma na jefar."

"Kawu fa?" in ji Mardiya.

"Ya ce ya kwashe na kantin tun bara. Ko ƙwaya babu."

Hassoumi ya ji kamar an buɗe masa ƙofa ya sa ƙafa ɗaya, sannan aka maido ta a fuskarsa. Ga gaskiya a hannu, ga mai laifi ta amsa, amma duk a banza saboda cokali guda na yaji.

Cokali guda na yaji.

Ya miƙe zumbur har ya ture tebur.

"Akwai! Maître, akwai! Kwalbar da na tafi da ita tseren! Tana cikin jakata a siton ekip tun lokacin, ranar Alhamis suka aiko mini. Rabi ce cif, tana ɗakina a Bobigny!"

"Alhamdu lillahi!" Mardiya ta daka tsalle ta rungume Inna. "Inna, akwai saura! Akwai saura!"

"Wannan ita ce hujjar," in ji Maître Inès, yanzu kam ana jin murmushi a muryarta. "Wata goma sha ɗaya a hannun ekip, ba a hannunka ba, babu mai cewa kai ka shirya ta. Ka ji ni, Hassoumi, kar ka taɓa ta. Kar ka ko kwance bakinta. Zan turo wanda zai ɗauke ta a rufe yadda ta zo."

Hassoumi ya tsaya ƙyam da wayar a hannu.

"Allô? Kana ji na?"

Mardiya ta saki Inna a hankali. Ta dubi yayanta, ta ga yadda fuskarsa ta koma, murnar ta zube daga tata.

"Yaya... ba ka dai buɗe ta ba ko?"

Shi ba falon yake gani ba. Farar shinkafa yake gani da mai. Da Baturen nan mai jaka, da kwalba biyu, A da B, da marafen da suka yi ƙas, da hannun da ya sa a ƙarƙashin kalmar da ya faɗa da bakinsa: ba komai.

Inna ba ta jin Faransanci sosai. Ta kama gefen rigarsa tana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Mi ya hwaru? Ba an ce an samu ba? Hassoumi, mi ya hwaru kuma?"

Ya dube ta.

"Na yi kewarki ne, Inna," ya ce. "Jiya na ci cokali biyu."